Wanda Dado Ta Fara Ɗauka

Tun ranar da aka mai da Salamatu gidan uwarta goyon ciki, Dado ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Da safe ta leƙa, da yamma ta leƙa, ta shafa cikin, ta dawo gida tana ƙirga kwanaki da yatsu. Ita ce ungozomar Olelewa. Shekara goma ke nan, duk jaririn da ya faɗo a garin ita ke yanke masa cibi, ta yi masa wankan fari, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki. Amma wannan cikin na Manzo ne, Manzo kuwa nata ne, ko da yake ba ita ta haife shi ba. Ta sha faɗa a bakin rijiya cewa in Allah ya bar ta ta karɓi ɗan Manzo da hannunta, to ko washegari ajali ya zo ba ta da ƙorafi.

Kowa ya san yadda ta same shi. A shekarar babbar yunwa, wadda ake ce wa Kakalaba, shekara goma sha huɗu da suka wuce, Dado ta shigo Olelewa daga wajen Tenhiya da yaro ɗan shekara bakwai a bayanta, ƙashi da fata, ɗan maƙwabciyarta da ta mutu. An san tana da 'yar cikinta guda, Halima, an kuma san ta rasu a hanya. A shekarar nan wa ke da bakin tambayar yadda wani ya rasu? Dado ta yi dakau, ta yi sussuka a gidajen mutane, ta raini yaron, ta kai shi wurin dukawa ya koyi sana'a, ta yi masa aure. Iya yake ce mata, kuma har zuciyarsa yake faɗa.

To, sai dai Manzo yana da wani ciwo, ciwon son a ce ya iya magana. A zauren Malam Ila ya kamu da shi.

Malam Ila yana da wani tsohon littafin labarai na Larabci, warƙa-warƙa, da ya taho da shi daga Agadas cikin ayarin gishiri. Gafakar littafin ta mutu, Manzo ya ɗinka masa sabuwa, ta nan ya sami ƙofar shiga. Kullum bayan la'asar malam zai zaro warƙa ɗaya, ya karanta, ya juya da Hausa, sa'an nan ya kife ta bisa gwiwarsa ya ce littafi ya faɗi abin da mutumin ya yi, bai faɗi abin da ya sa ba, wannan kuwa aikinsu ne. Daga nan sai a kwantar da mutumin littafi a yi ta fiɗarsa. Akwai wani waziri da ya buɗe wa abokan gaba ƙofar birni, kwana tara aka yi a kansa. Wasu suka ce haɗama ce, wasu tsoro, har Barmo, bafataken dabino, ya tuna musu cewa tun a warƙa ta uku sarki ya taɓa yi wa wazirin dariya a gaban bayi, kuma mutum yakan yafe duka bai yafe dariya ba. Ko ranar da mutanen kumandan, Baturen mulki, suka zo daga Tanut ɗibar samari aikin hanya ba a fasa zaman nan ba.

Zauren yana da doka ɗaya. Ba a karɓar dalili sai da shaida, wato wani abu da mai maganar ya gani ko ya ji a wurin mutane masu rai. Wanda dalilinsa ya tsaya, malam yakan ce masa ya matso, ya zauna a gefen tabarmarsa ta dama, shi ke riƙe warƙoƙin da aka gama karantawa. Ba kuɗi, ba goro, riƙon takarda kawai. Amma damina biyu Manzo yana zaune a bakin ƙofa wurin takalma, yana kallon takardun nan a hannun Barmo, ransa na ƙuna.

Ran nan aka zo kan wani bawa mai suna Mabruku. An ci birnin, an kashe sarki, wuta ko'ina. Mabruku yana da mata da 'ya'ya a unguwar bayi, amma bai nufi can ba. Fada ya ruga, ya ɗauki jaririn sarki, ya tsallake hamada da shi, ya raine shi shekara ashirin. Malam ya kife warƙa ya tambaya me ya sa.

Audi manomi ya ce amana ce, mutumin ya ci tuwon sarki. Sidi mahauci ya ce tsoron Allah ne. Malam ya taɓe baki, ya ce irin waɗannan amsoshi a ƙasa suke zube, kowa na iya tsinta. Sai aka ji murya daga wurin takalma.

"Gafarta Malam, ajiya ya yi. 'Ya'yan bawa bayi ne, ba abin da za su tsinana masa in ya tsufa. Ɗan sarki kuwa rumbu ne. Ya duba wanda zai ci da shi gobe, shi ya ɗauka."

Zaure ya yi tsit. Malam Ila ya ɗaga kai ya dubi Manzo, irin duban da bai taɓa yi masa ba. Barmo ya ga haka, ya fashe da dariya, ya ce baduku ya saba huda fata har ya zaci zuciyar mutum ma da basilla ake shiga. Ya ce wane mahaluki ne zai tsaya auna riba alhali 'ya'yansa na cikin wuta? Ya kawo shaida mana. Malam ya ce ba laifi, an ba shi zuwa gobe.

Ya koma gida kunnuwansa na zafi. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Dado na zaune a tsakar gida tana kaɗi, zaren da za a saƙa zanen goyon jaririn. Ya zauna kusa da ita, ya ja ƙwaryar fura, ya kurɓa, ya ajiye. Ni dai ban san ko ya san abin da yake nema ba lokacin da ya buɗe baki. Tambayarta ya yi yadda suka taho a shekarar yunwa, tun da shi zazzaɓi ne ya rufe shi, bai riƙe komai ba.

Dado ta daɗe tana murza mazari. Sa'an nan ta ce ai ya girma, ga shi zai zama uba, ya kamata ya ji. Ta ce su uku suka taso, ita da shi da Halima mai shekara huɗu. A kwana na biyu yaran duka suka kasa tafiya, ita kuwa ba ta iya ɗaukar biyu. Sai ta riƙa goya ɗaya ta kai shi gindin wata itaciya da take hange, ta ajiye, ta koma ta ɗauko ɗayan. Duk hanyar sau uku take taka ta. Kwana uku suna haka, suna tauna 'ya'yan ƙarangiya. Ran na huɗu da hantsi ta hangi makiyaya a bakin wata rijiya can nesa. Ta zaunar da Halima a gindin aduwa, ta ce mata kada ta motsa, yanzu za ta dawo. Ta goya Manzo. Rijiyar ta fi yadda ta zata nisa. Ta isa, ta sauke shi, ta juya za ta koma, sai ƙasa ta taso ta same ta. Ba ta farka ba sai washegari, wata Bafulatana na ɗiga mata nono a baki. Ta koma gindin aduwar da rarrafe da tafiya. Ba ta tarar da kowa ba, sai sawun kura.

Manzo ya ce ashe da rai ta bar ta.

"Da ranta. Har ta ce in taho mata da ruwa."

Ya tambaye ta me ya sa shi ta fara ɗauka ran nan. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Ta ce ba ranar da ba ta tambayi kanta ba. Wani lokaci ta ce don shi ya fi jin jiki, wani lokaci ta ce don uwarsa ta damƙa mata hannunsa tana shirin cikawa, wani lokaci kuma ta ga kamar shi ne kawai ya fi kusa da ita. Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko liman. Ta goge ido da bakin zane ta ci gaba da kaɗinta.

Ya yi kuka, wannan kam ya yi. Ya kama ƙafarta ya ce Iya, Allah ya saka. Kuma tun hawayen ba su bushe ba wani abu a cikin kansa ya ce masa ga shaida.

Da safe ya rantse wa kansa ba zai faɗa ba. Da azahar ya ce to, zai faɗa amma ba suna. Bayan la'asar, da Barmo ya waiwayo wurin takalma ya tambaya ko baduku ya kwana lafiya, Manzo ya gyara zama ya ce ya san wata mata. Ya ba da labarin tsaf, bai bar ko da maganar ruwan da yarinyar ta roƙa ba, domin ya ga nan ne zauren ya daina motsi. Sa'an nan ya ɗora nasa. Ya ce 'ya mace ta matalauciya gidan wani za ta tafi, namiji kuwa zai yi sana'a ya gina ɗaki. Ya ce ba sai mutum ya zauna ya yi shawara ba, hannu da kansa ya san wanda zai ɗauka, kamar yadda na Mabruku ya sani.

Wata mata! A Olelewa, garin da kowa ya san adadin awakin kowa. Barmo bai ko tambayi suna ba. Murmushi ya yi, ya miƙa wa malam warƙoƙin da ke hannunsa, ya ce shi kam ya sallama, shaida ba ta wuce ta cikin gida.

Malam Ila ya ce, "Matso nan, Manzo."

Ya matso. Malam ya ɗora masa takardun a hannu.

Aka manta da Mabruku, aka kwantar da Dado. Sidi ya ce shi abin da ya tsaya masa shi ne, don me ba ta kai yarinyar ba tukuna, tun da ita ce marar nauyi? Audi ya ce a ji tsoron Allah, mata ce ta suma. Barmo ya ce suman ma abin dubawa ne, wa ya gani? Wani ya ce shi ya sa ta zama ungozoma, tana wanke 'ya'yan mutane don ta wanke kanta. Malam ya ce wannan magana ta yi kyau, a riƙe ta. Manzo na zaune a gefen tabarma, ana sassara matar da ta goya shi, yana gyaɗa kai irin na masana. Bayan kwana biyu malam ya juya warƙa, aka shiga labarin wata sarauniya mai son tsuntsaye, zaure ya wuce wurin.

Gari bai wuce ba. Mazan suka kai maganar gida, matan suka kai bakin rijiya, kuma kafin ta zaga ta dawo, suman ya faɗi a hanya, Bafulatanar ma ta faɗi. Abin da ya rage shi ne Dado ta ajiye 'yarta da rai ta bar wa kura, don ta riƙe ɗan da zai ci da ita. Kuma ɗan ne ya faɗa da bakinsa a gaban malam.

Matar Audi ta haihu a makon, aka kira wata tsohuwa, Mariyama, wadda hannunta ke rawa ko ƙwarya ba ta riƙewa daidai. Dado ta ji guɗa daga nesa, ta ce wataƙila ba su same ta ba ne. Aka sake haihuwa a gidan maƙera, nan ma Mariyama. Ran nan Dado ta miƙa hannu za ta gyara wa wata yarinya goyon da ya zame, yarinyar ta ja da baya kamar ta ga wuta. A bakin rijiya wata ta gaya mata komai, cikin murya mai taushi, irin ta masu jin daɗin kai mugun labari.

Ba ta ce wa Manzo komai ba. Ta dama masa fura, ta kai masa ruwan alwala, ta ci gaba da kaɗi. Shi kuwa ya riƙa fita tun da sassafe, ya dawo ya shige ɗaki. Yana gaya wa kansa cewa maganar gari kwana bakwai ce, in Salamatu ta haihu Iya ta karɓi jaririn, shi ke nan, kowa zai ga gidan bai guje ta ba. Bai taɓa zuwa ya tabbatar ba. Ina zai je? Raliya, uwar Salamatu, surukarsa ce, ko a hanya suka haɗu kauce mata yake yi. Ga shi ɗan fari ne, wanda al'ada ta ce uba ya yi kamar bai san da cikin ba. Kunya ta zame masa inuwa mai sanyi, ya shige ya kwanta.

Naƙuda ta tashi wata Talata da hantsi. Manzo na zaune a rumfar Sidi mahauci, daura da gidan Raliya, ya ɗora wata jaka a cinya yana yi kamar ɗinki yake. Barmo na nan, Audi na nan, da wasu mutanen zaure biyu. Ba wanda ya ambaci abin da ke faruwa a bayan dangar, sai zolaya da ido.

Sai ga Dado da sauri, ta yafa sabon zanen goyon a kafaɗa. Ba wanda ya aika mata, ita ta ƙirga ta san yau ne. Raliya ta tare ta a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, amma rumfa ta ji. Ta ce Mariyama na ciki. Dado ta ce kan yaron bai gama juyawa ba shekaranjiya da ta taɓa, Mariyama ba za ta iya ba, a bar ta ta tsaya ko daga bakin ɗaki. Raliya ta ce 'ya ɗaya gare ta, kuma ba za ta ba da jikanta ga hannun da ya san yadda ake ajiye yaro a tafi ba. Ta ja asabari.

Dado ta tsallako hanya, ta zo har gaban rumfar maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta roƙi Manzo ya aika Audi ko wani babba ya yi wa surukarsa magana, kalma ɗaya daga gare shi ta isa. Manzo ya dubi jakar da ke cinyarsa. Ya ce Iya ai ta san ba ya iya sa baki a wannan, ɗan fari ne, me mutane za su ce.

Ta ce haka ne.

"To, an ce kai ka gano abin da ya sa na fara ɗaukarka. Ni ban ji daga bakinka ba. Faɗa mini, ni ma in sani."

Audi ya sunkuyar da kai. Barmo ya daina tauna dabino, ya zuba wa Manzo ido. Manzo ya san in ya ce ƙarya ya yi, ko ya ce bai sani ba, to yau da la'asar wurin takalma zai koma, kuma Barmo zai yi shekara yana ba da labari. Kalma uku ce za ta cece ta, Iya, na ɓata. Suna nan a bakinsa, ya ji ɗacinsu. Kai, Manzo!

Ya faɗa mata. A hankali ya faɗa, da ladabi, yana cewa ba laifinta ba ne, haka ɗan Adam yake, hannu ne ya san wanda zai ci da ita in ta tsufa. Har da Mabruku ya kawo mata misali, ita da ba ta san ko wane ne ba.

Dado ta saurara har ya gama, tana gyaɗa kai kamar ana gaya mata farashin hatsi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba ta musa ba. Ya ga maganar ta shiga, ta sami wurin da aka daɗe da share mata, ta zauna.

"Wataƙila haka ne. Ku ne kuke zama da malamai," in ji ta. "Amma in wayo na yi ran nan, Manzo, ashe ban iya wayo ba."

Daga cikin gida aka ji ƙarar Salamatu, doguwa. Jikin Dado ya juya da kansa, ta yi taku biyu wajen ƙofar, ta tsaya. Ta koma jikin danga ta waje, ta durƙusa a rana, ta kara bakinta da karan dangar tana faɗa wa Mariyama inda za ta sa hannu, da yadda za ta tallafe. Ba wanda ya amsa mata. Ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe, har rana ta take tsaka, sa'an nan aka ji kukan jariri, guɗa ta biyo baya. Wata mata ta fito da ƙwarya, Dado ta tambaye ta me aka samu, ko uwar na lafiya. Matar ta zubar da ruwa ta koma ciki.

Dado ta miƙe da ƙyar, ta bi ta jikin danga ta tafi, ba ta dubi rumfar ba.

Manzo ya zauna fuska ba yabo ba fallasa, kamar yadda ake son uban ɗan fari ya yi. Sidi ya ce barka. Barmo ya tofar da ƙwallon dabino, ya ce shi fa maganar tsohuwar ce ta tsaya masa, wai ba ta iya wayo ba. Nadama ce, ko gori ne, ko kuwa amsa laifi ta yi ba ta sani ba? Ya ce lalle Manzo ya kai wa malam ita yau a duba, tun da shi ya fi kowa saninta.

Manzo ya soka basilla a fata, ya ja zare. Bai kai ƙarshen ɗinkin ba ya tarar har ya fara shirya yadda zai faɗa, kuma ya san zaure zai yi tsit.